Gwangwanin Suruki

Lubabatu ta ɗebi cokali biyu na garin ta zuba a cikin dusa, ta cuɗa da hannu, ta tura wa ragon kwanon. Ragon bai yi wata-wata ba. Wata uku ke nan yana shan maganin gajiya safe da yamma, shi da ba ya zuwa ko'ina sai iyakar tsawon igiyarsa.

"Ya sha maganinsa?" in ji Malam Idirisu daga bakin ƙofar ɗaki, yana gyara hula.

"Ya sha. Saura kai."

Ta miƙa masa ɗan kofi na kunun shinkafa. Ya shanye a kurɓi uku, ya leƙa gindin kofin kamar zai ga wani ya ɓuya a ciki. Yau Alhamis, ranar wankin ƙoda, kuma ruwan da aka yarda ya sha a yini bai kai abin da yake kurkure baki da shi a da ba.

Malam Idirisu baduku ne, a Birni aka haife shi, a nan ya gaji wuƙa da basilla. Shekara biyu ke nan da ƙodojinsa suka daina aiki. Litinin da Alhamis sai an jona shi da inji an tace masa jini. Injin yana riƙe masa rai, amma duk ranar da aka cire shi, sai ya dawo gida kamar rigar da aka wanke aka matse. Mutumin da ke yini yana ɗinkin jakar fata, ranar wanki ko buta ba ya iya ɗagawa. Wannan gajiyar ita ce ta fi ci wa Lubabatu rai, fiye da allurar, fiye da hanyar.

Ana cikin haka gwangwanin ya shigo gidan. Nazir ne ya kawo shi, mijin 'yarsu ta fari, Ummul Khairi. Ɗan kabu-kabu ne a Zango, yana ɗaukar mutane a babur, sai ya haɗu da wasu masu sayar da garin ƙarin kuzari, suka yi masa taro, suka ba shi jaka. A jikin gwangwanin an rubuta Sabon Jini, ga hoton wani tsohon Bature yana gudu a bakin teku, haƙora fari fat. Nazir bai karɓi ko sisi ba. Kyauta ya kawo wa surukinsa, kuma duk wata sai ya kawo sabo.

Lubabatu ba ta yarda da duk abin da aka ce yana maganin komai ba. Ta buɗe ta shinshina, ta ji zogale, ta ji dabino, abubuwan da aka hana Malam tun ranar farko. Ta saka shi a jaka ta kai wa Madam Balki, majo, wato shugabar masu aikin jinya ta sashen wankin ƙoda. Madam ta juya gwangwanin, ta karanta bayansa, ta mayar mata.

"Ƙodar da ba ta aiki ba ta fitar da komai," ta ce. "Abin da ya shiga yana nan zaune a jini har inji ya zo. Irin wannan yana iya tsayar masa da zuciya. Kar ki ba shi."

"To gajiyar fa, Madam?"

"Da akwai garin da ke cire ta, ai da mu muka fara ba ku."

Magana ta ƙare a asibiti, amma ba ta ƙare a gida ba, don kyautar suruki ba a mayar da ita. Tun da aka ɗaura auren, Lubabatu ba ta taɓa kiran sunan Nazir ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. In ta ji ƙarar babur ɗinsa a lungu, sai ta shige bayan labule. Shi kuma ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a tsakar gida, ya gai da ƙasa. Ta fi sanin takalminsa a kan fuskarsa. Ta yi tunanin ta aika ta bakin 'yar, to ita ma 'yar fari ce, magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa da ina yara. Kuma me za ta ce? Mijinki ya kawo abin da zai kashe ubanki? Sai ta ga rago ya fi sauƙi.

Malam shi ma yana da tasa kunyar. Namiji ba ya kwanciya a gaban mijin 'yarsa. Komai gajiya, da ya ji babur sai ya yunƙura ya zauna, ya ɗora hula, ya miƙe baya. In Nazir ya tambaya, "Baba, ya ƙarfin jiki? Garin yana karɓar ka?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya yi albarka." Nazir ya fita da fara'a, Malam ya zube a tabarma, Lubabatu ta zo ta cire masa hular.

Da ya gama shan kunun, shi da Lubabatu suka taka yashin lungunan Birni a hankali har bakin titi, suka tari adaidaita. A asibiti aka auna nauyin Malam, aka ɗauki tansiyo, wato awon hawan jini, aka kwantar da shi. Jini ya fara zagaya cikin robobin. Lubabatu ta dubi gadon da ke kusa da nasa. Gadon Tahiru ne, tela daga Zango, mutum mai surutu wanda ke tsokanar Malam cewa su biyu inji ɗaya ya shayar da su, don haka 'yan'uwa ne. Ran Litinin bai zo ba. Yau ma wata tsohuwa ce a kwance a wurin.

"Tahiru fa?" Malam ya tambayi Madam Balki.

"Randebu biyu ke nan, ranar wankinsa biyu, bai zo ba. Mun kira, talho a kashe."

Lubabatu ta fita ta shimfiɗa ɗankwalinta a gindin bishiyar bedi, inda masu jinya ke zaman jira. Delu tana nan. Ita da mijinta Yakuba daga Garagumsa suke zuwa, manoma ne, kowane zuwa sai sun bar gona sun hau mota. Yau fuskarta a sake take, abin da Lubabatu ba ta saba gani ba.

"Yaya, matso ki gani," in ji Delu. Ta ɗaga gefen zane, sai ga gwangwani. Tsohon Baturen yana nan yana gudunsa.

Lubabatu ta sunkuya ta duba. "Ina kika samo?"

"Wani yaro mai ladabi, mai babur. Ya ce yana cire gajiyar wanki, yana tsabtace jini. Da farko na ƙi, kin san mu da 'yan birni. Sai ya nuna mini hoton surukinsa a talho, zaune daram da hula, ya ce ranar da aka yi masa wanki ne aka ɗauka. Ina dubawa na ga ashe Malam ne. Na ce to an gama." Ta rage murya. "Hatsi ya nuna, Yaya. Tsuntsu yana ci. Mun yi shawara, in an cire shi yau, ba za mu dawo ba sai an gama girbi. Garin ya riƙe shi."

"Sati nawa?"

"Biyu, ko uku."

Lubabatu ta san abin da sati biyu ke yi wa mutumin da ba ya fitsari. Ta ga yadda ƙafafun Malam suka kumbura sau ɗaya da inji ya lalace, ta ji yadda yake jan numfashi.

"A dai tambayi Madam tukuna," ta ce.

"Madam ai ba ta son abin da ba daga hannunsu ya fito ba. Ni ke na gani, ke da mijinki."

Lubabatu tana neman hanyar da za ta zagayo da maganar ba tare da ta taɓa kowa ba, sai ta ji ƙarar da ta sani a cikin ƙarar babura dubu. Hannunta ya ja mayafi ya rufe rabin fuska kafin ma ta yi tunani. Nazir ya kafe babur, jakarsa a kafaɗa. Da ya hango ta sai ya tsaya nesa, ya zare takalmi a kan ƙasar asibiti, ya tsuguna.

"Inna, ina kwana. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi," ta ce wa gwiwarta.

"Ga shi nan, shi ne yaron," Delu ta gaya wa sauran matan. Uku suka matso, da wani dattijo mai jinyar ɗansa. Suka fara tambaya, sau nawa ake sha, da ruwa ko da nono. Nazir yana amsawa kansa a sunkuye.

"Ni ba zan yi dogon bayani a gaban Inna ba," ya ce. "Ita ke dama wa Baba da hannunta, wata uku ke nan. Ku tambaye ta."

Duk suka juyo. Abin da ake so daga gare ta kaɗan ne. Ta ce alhamdu lillahi, kamar yadda Malam ke cewa, kowa ya fahimci abin da ya ga dama, kunya ta zauna a inda take. In ta faɗi gaskiya, ta tozarta mijin 'yarta a gaban baƙi, kuma yau da dare 'yar ce za ta kwana da abin. In ta yi shiru, Yakuba zai tafi girbi. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin Malam da hularsa, har ragon ma ta ji haushinsa.

"Baban Adam," ta ce. Da sunan jikanta ta kira shi, don ba ta da wani.

Nazir ya ɗago kai da sauri ya sake sunkuyarwa. Bai taɓa jin ta nufe shi da magana ba.

"Malam bai taɓa shan garin nan ba. Ko cokali ɗaya. Na kawo wa Madam tun ranar farko, ta ce yana iya tsayar masa da zuciya. Rago nake ba."

Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta haɗiye.

"Amma Inna," in ji Nazir a hankali, "Baba ya tashi. Da idona na gan shi zaune."

"Don kai yake zama. Kana fita yake faɗuwa. Gajiyar tana nan yadda take, ba ta ragu da komai ba."

Delu ta dubi gwangwanin da ke cinyarta. Mai kiwo ce, ba ta iya barin tambayar ba. "To ragon, ya yi ƙarfi?"

"Rago ƙodarsa biyu lafiya lau, Delu. Ko ƙasa ya ci zai fitar."

Delu ta ajiye gwangwanin a ƙasa, ta janye ƙafarta daga kusa da shi.

Lubabatu ta jira ya tashi ya buga babur ya tafi. Da ta ga bai motsa ba, sai ta saki mayafin ta dube shi. Ya fi yadda take zato ƙuruciya. Akwai tabo a girarsa, idanunsa sun yi ja da iskar hanya. Ba fushi ta gani a fuskar ba, tsoro ta gani.

"Inna," ya ce. "Tahiru tela."

"Me ya same shi?"

"Ya karɓi gwangwani biyu wancan satin. Ya ce in dai ya ta da Malam Idirisu, shi ma bari ya ɗan huta da allura, ga ɗinki ya taru masa. Ban ce ya daina zuwa ba, wallahi ban ce ba. Amma ban hana shi ba."

Daga tagar ɗakin wankin ana jin wani inji yana ƙara, har aka zo aka kashe.

"Ka san gidansa?"

"Na sani, bayan kasuwa. Amma ni iyakata zaure. Kuma ni na kai musu, in na koma na ce a bari, za su ce wani sabo nake son sayarwa. Hoton Baba suka gani."

Lubabatu ta miƙe, ta kakkaɓe ɗankwalinta, ta ɗaura. Ta ɗauki gwangwanin ta danƙa wa Delu.

"Kai wa Madam wannan, ki gaya mata shawarar da kuka yi ta girbi, ki ji abin da za ta ce. Ki ce mata kuma a bar wa Tahiru inji, muna zuwa da shi in Allah ya yarda. In an cire Malam ban dawo ba, ki ce na tafi Zango."

"Da wa, Yaya?"

Lubabatu ta nufi babur. Nazir ya riga ya sa takalmi ya ta da babur, amma ya tsaya yana kallon ƙasa, bai san yadda ake cewa surukuwa ta hau ba. Ta tattare zane ta hau da kanta. Ta zauna can ƙarshen kujera, ta bar tazara tsakaninsu, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu.

Ya ja a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka fita ƙofar asibiti, suka bi kwalta, kabu-kabu suna wuce su ta hagu da dama. Da suka sauka kan yashin Zango, tayar baya ta goce, hannunta ya saki ƙarfen ya kama kafaɗarsa. Ta ji ya sandare. Ba ta cire hannun ba.

"Yi sauri, Nazir," ta ce.