Sarki a Kwandon Kadamban

Kadamban ya shekara talatin yana ƙetarar da mutane kogin Kaveri a jirginsa mai siffar kwando, saƙar gora da fatar ɓauna, bai taɓa ɗaukar wanda ya wuce mai unguwa ba. Sai ga shi wata safiya kogi ya cika ya batse, giwar Sarki Senniyan ta kafe a gaɓa ta ƙi shiga, sarki kuwa ya ce lallai yau sai ya je ɗakin bauta a ƙetare.

"Kai mai kwando, zo nan!" in ji wani dogari.

Kadamban ya ja da baya. Wannan fa sarkin da ake cewa ya shaƙe damisa da hannu ɗaya ne. Matarsa Nakkani ta tura shi. "Tafi mana, wawa! Arziki na kiranka kana noƙewa."

Sarki ya shiga kwando, suka tashi. Sun kai tsakiyar kogi ke nan, don tsabar tsoro filafili ya suɓuce masa. Kwando ya kama juyi, bishiyoyin kwakwa suka bi ta gabansu a guje. Kadamban ya rufe ido ya sallama wuyansa. Sai ya ji ƙyaƙyata. Sarki ne, ya rungume bakin kwando, furannin wuyansa sun watse a ruwa, yana dariya har da hawaye.

"Ƙara! Dattijo, ƙara!"

"Ranka ya daɗe, ai ba ni nake yi ba!"

"To kada ka hana shi!"

Dariya ta kama Kadamban shi ma. Haka ruwa ya yi ta wulwula su har ya tofar da su a ƙetare. Sarki ya sauka yana tangaɗi, ya zauna daɓas cikin laka, ya cire awarwaronsa ya saka wa Kadamban.

Bayan kwana uku ruwa ya janye, kamar kowace shekara. Amma tuni mawaƙa sun baza cewa sarki ya murɗe wuyan kogi sau bakwai har ya rusuna.

Da Kadamban ya ji, ya ce, "Ƙarya ne, filafili ne ya..."

Nakkani ta cusa masa wainar shinkafa a baki. "Ci, ka yi mana shiru."

Tun daga ranar har tsofaffi layi suke yi, kowa na son a juya shi yadda aka juya sarki.