Wuyan Keken Auta

Zoben ya zame da kansa a wuyan fok ɗin, ƙarfen nan mai riƙe tayar gaban keke, ba guduma ba komai, ya sauka har gindi ya yi ƙil. Mai Keke ya tsaya yana kallonsa. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran keke a wannan shagon, ya san zoben da boris ke gudu a kansa ba ya shiga da lalama, sai an ɗora masa bututu an buga shi ya zauna daram. Ya ɗaga shi da yatsa biyu ya sake saki, ya kuma faɗawa. Wuyan ya yi masa siriri, ko kuma zoben ya yi faɗi, duk ɗaya ne.

Keken na Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe. Ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti da ke bayan tudu, jibi za ta fara. Da safe hawa ne, wannan ba damuwa, ƙafa ce za ta sha wuya. Da yamma kuwa gangara ce doguwa wadda ta ƙare a mahaɗar da manyan motoci ke juyawa, kuma duk mai saukowa sai ya danne birkin gaba da ƙarfi. Keken da wuyansa ke rawa, a irin wurin nan yake nuna halinsa. Shi ya ce mata kada ta sayi na kanti, zai harhaɗa mata wanda ya fi shi. Ya samo firam mai kyau, wato gangar jikin, daga wani tsohon keke, fok daga wani, ya fenta su kore tunda shi take so, ya ɗaura sababbin tayoyi. Wuyan kawai ya rage.

Matsalar ba a ƙarfen take ba. Gyaran zoben da ya yi sako-sako abu ne da ya yi sau ɗari. Matsalar ita ce wata takwas ke nan yatsunsa ba sa jin komai.

Ciwon suga ne. Daga yatsun ƙafa ya fara, Mai Keke ya ce ai takalmi ne. Da ya hauro hannu sai ya zama kamar ya sa safar hannu mai kauri wadda ba ta cirewa. Yana riƙe sifana, yana ɗaure noti, yana faci, duk da ido. Amma rawar wuyan keke ba a ganinta. Hanya ɗaya ce: ka danne birkin gaba da hannun dama, ka ɗora yatsa biyu na hagu inda fok ya haɗu da firam, ka tura keken gaba ka ja shi baya. In akwai wasa ko da kaurin gashi ne, zai taɓa maka yatsa. Da wannan aka san shi a layin. Masu kawo gyara har zolayarsa suke yi, wai likita zai duba jijiyar mara lafiya.

Bai daina yi ba. Har yau in ya gama da keken mutum sai ya danne birki, ya ɗora yatsun, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai ya ce, “Lafiya lau.” Wannan ha'inci ne, ba shi da wani suna, kuma shi ma ya sani. Abin da ya ba shi mamaki shi ne bai ji kunya ba, bai ji tsoro ba. Ya yi ta jiran su zo, ba su zo ba. Yakan tashi, ya buɗe shago, ya ci abinci, ya rufe shago. Ko matarsa bai gaya wa ba, don bai ga ta inda zai fara ba.

Ya ɗaure fok ɗin a bakin tebur, ya ɗauko tsinken ƙarfe mai kaifin baki da ƙaramar guduma. Dabarar tsohuwa ce. Za ka bi gindin wuyan, daidai inda zoben zai zauna, kana sara masa ƙananan ramuka a jere har ka zagayo. Kowane rami yakan tura ɗan ƙarfe sama a gefensa, sai wurin ya ƙara kauri, zoben ya sami abin kamawa. Ya sara, ya juya, ya sara. Maƙwabcinsa mai walda ya kunna injin yankan ƙarfe, ƙarar ta cika layin, ko bugun gudumarsa da ƙyar yake ji. Sau ɗaya gudumar ta kauce, ya gyara riƙo ya ci gaba.

Wannan karon zoben ya tsaya a hanya, sai da ya buga shi. Ya shafa giris a kwanon boris na sama da na ƙasa, ya jera 'ya'yan boris ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga su da ido, uku suka suɓuce ƙarƙashin tebur bai bi su ba, ya ɗebo wasu. Ya zura wuyan cikin firam, ya ɗaure, ya sa kan keken, ya haɗa birki. Sannan ya sauke shi ƙasa, ya danne birkin gaba, ya ɗora yatsun, ya tura, ya ja.

Ba komai. Da lafiya da rashinta, a wurin yatsun nan duk ɗaya ne. Ya kanga kunne kusa da wuyan, injin mai walda ya cinye komai. Ya ɗauki sifana ya ƙara matse notin sama, ya sake matsewa, har kan keken ya fara juyawa da ƙyar. Ya san wannan aikin 'yan koyo ne, matse noti ba ya hana zobe rawa a ƙasa, boris kawai yake kashewa. Ya sassauta. Ya zauna a kan benci, keken na jingine a gwiwarsa.

A haka matarsa ta same shi da azahar, da kwanon abinci ɗaure a ƙyalle. Tela ce, a gida take ɗinki, kuma ba ta saba kawo abincin da kanta ba. Yau keken ta zo gani.

“Oh, ka ga kyau! Yarinyar nan za ta yi ta fankama,” in ji ta. “An gama, Malam?”

“Saura kaɗan.”

“Kai kullum saura kaɗan. Ƙofar kicin ɗina ma tun bara saura kaɗan.” Ta ajiye kwanon, ta sunkuya za ta shafa sirdin, sai ta tsaya. “Jinin me ne wannan?”

Ya duba. A kan koren fentin akwai shaidar yatsa, ja da baƙi, wuri uku. Ya juya hannunsa na hagu. Farcen babban yatsan ya tsage biyu, jini ya gangaro ya gauraya da giris har ya fara bushewa a tsintsiyar hannu.

“Guduma ce,” ya ce.

“Yaushe?”

“Ɗazu, ina jin.”

“Kana jin?” Ta kama hannun. Bai janye ba. Ta dube shi, sannan ta danna gefen farcen da ya tsage, wurin da ko ƙato zai yi tsalle. Yana kallon yatsanta yana danna nasa kamar hannun wani ake taɓawa. Ta saki wannan ta mintsini manuniya, ta mintsini na tsakiya, ta koma hannun dama ta bi su duka. Da ta gama sai ta zauna kusa da shi a bencin.

“Tun yaushe?”

“Wata takwas.”

“Wata takwas muna kwana ɗaki ɗaya.”

“Haka ne.”

Ya ɗauka za ta yi faɗa, da ma ta iya. Ba ta yi ba. Ta kwance ƙyallen abincin, ta yage gefensa da haƙori, ta wanke yatsan da ruwan buta ta ɗaure. Shi dai yana zaune, yana jira ya ji wani abu a ƙirjinsa yanzu da asiri ya tonu. Yunwa kawai ya ji kaɗan.

“Ara mini hannunki,” ya ce.

Ya nuna mata inda za ta ɗora yatsu, ɗaya a kan firam, ɗaya a kan fok, tsagar a tsakaninsu. Ya danne birki ya tura keken, ya ja.

“Me kika ji?”

“Sake.”

Ya sake.

“Akwai wani abu yana ɗan buga mini. Ƙwas, ƙwas. Kaɗan dai.”

“A sama ko a ƙasa?”

“Nan inda ka sa ni.”

Ashe saran bai isa ba. Ya sake kwance komai, boris suka zube a tire, ya murza zoben da filaya ya ga yana juyawa a gindinsa. Ya fitar da shi. Ya yanko siririn ƙarfe daga gwangwanin madara, matar ta riƙe masa almakashin don shi ba ya sanin ya kama ko bai kama ba, ya naɗa shi a wuyan, ya buga zoben a kai. Kafin ya gama mayar da komai la'asar ta yi, abincin ya huce a kan tebur ba wanda ya taɓa shi.

“To, yanzu fa?”

Ta rufe ido, ta ce ya sake, ya sake, har sau biyar.

“Malam, ban sani ba. Kamar akwai, kamar babu.”

“Ke da kike gane yadi da taɓawa ɗaya?”

“Yadi ne aikina. Wannan in na ce maka babu, alhali akwai, ni ce na sa ta a gangarar nan.” Ta cire hannunta ta goge a zani. “Ka kai wa Dogo ya duba.”

Dogo shi ne ɗaya mai gyaran keken, a ƙarshen layi kusa da famfo. Shekara goma sha biyu da buɗe shagonsa, shekara goma sha biyu Mai Keke yana gaya wa duk mai kunne cewa mutumin da waya yake ɗaure abin da ya kamata a sa wa noti. Rabin maganar ƙarya ce, Dogo ya iya aiki, shi ya sa ma abin yake ci masa rai.

“Dogo,” ya ce.

Suna haka Auta ta shigo, da sabuwar farar rigar aikinta a leda, ta karɓo daga wanki. Ta ga keken ta saki ihu har mai walda ya leƙo.

“Baba! Wallahi ya fi na kanti! Mama, kin gani? Kawo in zaga layi in dawo.”

Ta kama kan keken. Shi kuma yana riƙe da sirdin.

“Baba, saki mana. Ko sai likita ya duba jijiya tukuna? To duba, ina jira.”

Abu ne mai sauƙi. Ya danne birki, ya ɗora yatsu, ya lumshe ido, ya ce lafiya lau. Wataƙila ma lafiyar ce, gwangwanin madara ya riƙe kekuna da yawa shekara da shekaru. Matarsa ta juya baya tana ɗaure kwanon da ragowar ƙyallen, ba za ta tona shi a gaban 'yarsa ba, ya san wannan. Ya dubi yatsunsa a kan sirdin. Ya ga sun riƙe shi da kyau.

“Biyo ni,” ya ce.

Ya tura keken ya fita. Layin bai fi taku ɗari biyu ba. Mai sayar da taya ya ɗaga masa hannu, mai shagon fenti ya ce sabon keke sai an yi masa addu'a, shi dai ya ci gaba da tura keken. Auta na binsa da ledarta tana tambayar ina za su.

Dogo na tsugune yana ɗaure sifok, wayoyin nan na ƙafar keke. Da ya ɗago ya ga wanda ke tsaye a bakin shagonsa, sai ya miƙe, yana waige-waige ko wani abin aka ce ya yi.

“Babban yaya, lafiya?”

“Duba mini wuyan nan.”

Dogo ya yi dariya. “Ni? Jarrabawa za a yi mini da yammar nan?”

“Duba dai.”

Dariyar ta tsaya. Dogo ya goge hannu a wando, ya danne birki, ya ɗora yatsu, ya tura sau biyu.

“Akwai wasa kaɗan a ƙasa. Zoben bai zauna daidai ba, ya ɗan karkace gefe ɗaya. Amma ai kai ma ka...”

“Ban ji ba. Ba na ji. Hannun ya mutu tun wata takwas.” Ya faɗe shi kamar yana faɗin lambar taya. “Na 'yata ne, jibi za ta fara bin gangara da shi. Ka nemo fok ɗin da ya yi daidai da zoben, kada ka yi dabara irin tawa.”

“To, babban yaya.”

“Akwai kuma wasu. Mai kai burodi, baƙin keke mai kwando biyu. Malamin makarantar nan mai gilashi. Masinjan ofishin ruwa. Tsohon da ke sayar da itace. Duk na taɓa musu wuya a watannin nan na ce musu lafiya lau. Gobe zan bi su in turo maka su. Akwai biyu da ban san gidajensu ba.”

Dogo ya ɗaga keken a hankali ya shiga da shi ciki, ya rataye shi a ƙugiya, ya ɗauko sifana.

Mai Keke ya tsaya a bakin shagon yana kallon wani yana kwance aikinsa. Ruwan famfo na zuba a bokitin wata mata, ya cika yana malala. Yana ta ƙoƙarin tuna fuskokin mutum biyun nan, ɗaya dai yana da jan keke, ɗayan ya ɓace masa. Sai da ya sunkuyar da kai sannan ya ga Auta na riƙe da hannunsa da hannayenta biyu, ledar rigar tana ƙasa. Bai san tun yaushe ta kama shi ba.