Ladan Shafa Kan Marainiya

…kuma da wannan yatsan. Shi dai. Ina kallo, Maigida, idona biyu. Yanzun nan yayarka Ummu Salma ta cusa shi a bakin ɗanta Muktar tana goga masa man shanu, dasashi duk ya saɓule, miyau na dalala har ƙirji. Ta share a haɓar zani, wai shi ke nan ta wanke. Ga shi kuma a kan Sailuba. 'Yarka. Tana shafawa, tana "Allah sarki, marainiya"…

Lada suke nema. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta shafa kan marainiya, haka aka ce, kowane gashi da ladansa. Kan yarinyar nan ya zama marfin randa, kowa ya taɓa. Daga kai a gangaro kumatu, a matse mata hanci da hannun da ya gama fyace majinar wani. 

Ni kuwa ga ni a kan tabarma, mai takaba. Kai a sunkuye, murya a ƙasa. "Ya haƙuri?" Da godiya. "Ya ƙarin haƙuri?" Da godiya. Kalmar ta lauye mini harshe.

Tun sadakar uku Ummu Salma da Muktar suka ƙetaro iyaka daga Segbana, yaron yana zafi kamar garwashi. Na ga tafin hannunsa. Na ga tafin ƙafarsa, ƙuraje masu ruwa, jajaye a gefe. Na ce a hankali, Yaya, ko a ware masa kofinsa? Kallon da ta yi mini… "Haƙori na yaka hiddawa. Ɗan 'yar'uwar mijinki kika ƙyama, tun kabari bai bushe ba?" Wata tsohuwa daga Lafagu ta ce a'a, boru ne irin na shanu, a daina ba shi nono kawai. Shanu! Ina shanu a gidan nan?

Ba na shanu ba ne. Ka tuna? Ranar da ka kai mu awo Bagudo a kan kabu-kabunka, iska na cika mini mayafi, malamar asibiti ta ɗaga hoton tafin yaro. Ciwon hannu da ƙafa da baki. Daga yaro zuwa yaro yake bi, ta ce, ta miyau, ta majina, ta ruwan ƙurjin, ta kashi — ko yaro ya warke yana nan a kashinsa. Galibi yakan wuce da kansa, amma ƙaramin yaro in baki ya hana shi sha, sai ya bushe a hannunka. Ku wanke hannu da sabulu, ku raba kofi da cokali, mai ciwo ya zauna gida. Ka yi dariya, ka ce ke da ba ki gama firamare ba kin zama likita. Amma ka tsaya a bakin kasuwa ka saya mini sabulu mai ƙamshin lemo.

Ragowarsa da ita aka yi maka wanka.

Kwano ɗaya. Ruwan wanke hannu, kwano ɗaya, yana zagaya mata tun hantsi, ya yi kauri, ya yi launin toka, mai na yawo a sama. A tsoma, a fitar, a cusa cikin tuwo. Moɗa ɗaya a bakin randa, Muktar ya sha ya bar mata yauƙi. Fo ɗinsa na kashi a gindin zogale, ƙudaje sun yi masa rumfa, sun tashi sun sauka kan ƙosan sadaka. Jiya kuma… jiya yayarka ta tauna dabino ta ba shi, ya tofar, ta ɗauka — abin da ya tofar, Maigida — ta sa wa Sailuba a baki. Albarkar gwaggo.

Da kana nan kalma ɗaya za ka faɗa. Ni in na faɗa, baƙuwa ce mai ƙyamar dangi. Wa zai riƙe mu bayan arba'in in na ɓata da su? Wa?

Zo nan, Sailuba. Zo, uwata.

Ta ƙi kunu tun safe. Na ce kewarka ce. Na ba ta nono ta kama, ta saki, ta yi ƙara. Wuyanta da ɗumi… a'a, rana ce. Rana ce ko? Miyau ya jiƙa gaban rigarta. Ta dunƙule hannu. Buɗe mini, buɗe…

Ga su nan. Ƙanana, jajaye.

Sallama a ƙofa. Wata ce daga Sharabi, goye da jariri, ta cire takalmi, ta riga ta miƙo hannu tana murmushin tausayi. Kan marainiya. Za ta shafa, ta sauke goyo, ta share masa baki da hannun nan. Yanzu daga wurinmu ciwon zai fita.

Ki tsaya. Kada ki taɓa ta. A raina kawai nake faɗa. In faɗa mana, in buɗe bakina in faɗa —

"Ya haƙuri?"

Da godiya…