Fulogi Mai Bakin Allura

"Kai ka karya shi," in ji Nata'ala.

"Ni na aika a kira ka?" Ja'afaru bai ko ɗago ba. Yana tsugune a rumfarsa ta gyaran babura, bakin kasuwar Durun, yana wanke kabireta cikin gwangwanin fetur. "Da ƙafarka ka zo. Da bakinka ka ce a buɗe."

Nata'ala ya jefe shi da fulogin. Ya daki ƙirjinsa, ya faɗa cikin baƙin mai.

"Ɗauka ka duba."

"Na gani tun jiya a maƙabarta. Ana zuba wa Bappa ƙasa kana nuna min ƙarfe. Ko kunya."

Ja'afaru mijin yayarsa ne, Sabuwa. Bappa kuwa ƙanin mahaifinsu ne, shi ya riƙe su biyun tun suna marayu, shi ya sayar da bijiminsa ya saya wa Nata'ala babur da ya gama sakandare aiki ya ƙi samuwa.

Fulogin ba irin na kullum ba ne. Iridiyam ake ce masa. A Kano Nata'ala ya sayo shi, a shekarar da fetur ya yi tsadar da 'yan acaɓa ke kashe inji a gangare. Maimakon dunƙulen ƙarfe a tsakiya, ɗan tsinke ne da shi kamar bakin allura, ƙugiya ta rusuno a kansa, wuta na tsalle a tsakaninsu. Mai shagon ya ce an saita ratar tun daga kamfani. In ta kama dole, ƙugiyar kaɗai ake tanƙwarawa daga gindi, ba a barin komai ya taɓa allurar. Amma a tashar acaɓa kowa ya haddace cewa in bakin fulogi ya buɗe, wuta ta fi ƙarfi, babur ya rage shan mai. Haka ake faɗa. Sai Nata'ala ya kai wa Ja'afaru.

Shi kuma ya yi masa abin da yake yi wa kowane fulogi tun yana koyon aiki. Ya zura guntun ruwan zarto a tsakani, ya dogara shi a kan allurar, ya banƙara. Da ya ga ya zarce, ya ƙwanƙwasa shi a jikin ƙarfe, ya hura, ya miƙa.

"Ungo, ƙanin mata. Yanzu ko da yawu zai tashi."

Sun yi dariya ranar. Allurar ta tsage, ba wanda ya gani. Babur ya ci gaba da aiki, sai ɗan tari da safe.

Jiya da hantsi kububuwa ta sari Bappa a gona. Nata'ala ya ɗaure shi a bayansa da rawani, ya nufi asibitin Gwarzo. A tsakiyar hanya, inda ba gida ba mota, babur ya yi tari ya mutu. Ya buga kik har takalminsa ya tsinke. Ya kwance fulogi, ya ga babu allura, sai ɗan kututture. Tsohon fulogin da kowane ɗan acaɓa ke ajiyewa a ƙarƙashin kujera tuni ya ba wani, tunda an ce wannan shekaru yake yi. Ya goya Bappa ya kama gudu. Jini na fita ta hancin tsohon, yana gangaro masa a wuya, da ɗumi. Can ya ji nauyin bayansa ya sake.

"Kwanansa ne ya ƙare," Ja'afaru ya ce, yana goge hannu da tsumma. "Ka yi imani da ƙaddara. Ni ma ubana ne."

"Na faɗa maka abin da mai shago ya ce."

"Ka faɗa. Na ce to a bar shi. Ka ce mai na cinye ka. Ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba, kuma da ya yi, da abin ya zo wa Nata'ala da sauƙi. Tun jiya yake neman inda zai sauke zancen nan, ko'ina ya juya rabinsa na biyo shi. Hannunsa ya lalubo guduma a kan benci.

Ja'afaru ya gani, ya yi murmushin da yake yi masa tun yana ɗan makaranta. "Ajiye, yaro, kar ta faɗo maka a ƙafa."

Nata'ala ya haure shi a ƙirji. Ya faɗi da baya cikin tarin tayoyi, gwangwani ya kife, warin fetur ya cika rumfa. Ja'afaru ya fi shi ƙarfi. Ya taso da sifana, ya sauke masa a gira, ido ɗaya ya rufe da jini. Suka rungume, suka tumurmusa, suka ture wani babur da ke jingine. Nata'ala ya sa masa kai a hanci, ya ji ƙashi ya ba da amo. Ya danne masa wuya da gwiwa, ya jawo hannun dama, ya shimfiɗa shi a kan tsohon injin da ake ƙwanƙwasa ƙarfe a kai.

'Yan acaɓa da masu rake suka yo rumfar a guje.

"Kai, Nata'ala! Ka ji tsoron Allah!"

"Ku kira 'yan Hisba!"

"Shari'a ake yi yanzu, yaro, ka tuna da naka hannun!"

Ya ji su, guduma a ɗage a hannunsa. Ya dubi yatsun, baƙaƙe, masu kanta, farata cike da mai. Su suke ciyar da 'ya'yan Sabuwa. Su suka riƙe zarton.

"Ƙanin mata," Ja'afaru ya ce da ƙyar. Babu wasa a muryar yanzu. "Don girman Allah. Da shi nake ci."

Guduma ta sauka. Ta sake sauka. Kafin a rirriƙe shi ta sauka a wuyan hannun. Ihun Ja'afaru ya kori awakin kasuwa, sannan ya yanke, ya koma nishi. Abin da ke kan injin bai yi kama da hannu ba.

Suka danne Nata'ala a ƙasa, wani ya taka masa baya, wani ya ɗaure shi da robar taya. Bai yi gardama ba. Ya kwanta kunci a cikin baƙin mai yana jiran sanyin da ya zaci zai ji a ƙirji, bai zo ba.

Daga gidan makoki aka kirawo Sabuwa. Ta zo ba takalmi, carbi a hannu, mayafi na jan ƙasa. Mutane suka dare mata. Ta durƙusa ta yage gefen mayafin, ta naɗe hannun mijinta, jini ya keto kafin ta ƙulle. Ta sa aka cicciɓe shi aka ɗora a babur, mutum ɗaya na tallafe da shi ta baya. Sai da ƙarar injin ta ɓace ta juyo wajen ƙaninta.

Ba ta zage shi ba. Ta tsuguna har ya ga busasshen hawayen jiya a fuskarta.

"Ɗan'uwana," ta ce, "in alƙali ya ce hannu da hannu, wanne zan yi wa kuka, nasa ko naka?"