Ɗan Aike da Gaisuwar Baba Mohaman

Aikina ba ya bayyanuwa a Briqueterie, unguwarmu a Yaoundé. In na ce ina rubuta wa na'ura bayanin kayan aikinta, sai a ce, "To, Allah ya taimaka," da muryar da ake yi wa majinyaci sannu. Alhali abin ba wuya. Wata manhaja ce mai basira da ke gyara wa mutane akwatin imel, ni Ɗan Aike nake ce mata. Ɗan Aike yana da kayan aiki: na kai saƙo dosiye (wato jakar ajiya), na sharewa, na ɗora saƙo a sama. Bai san lokacin ɗaukar kowanne ba sai abin da aka rubuta masa. Ni ke rubutawa, ni ke kuma gwadawa in ga ko bayanin ya kai shi inda ake so.

Saƙonnin gwajin kamfaninmu duk na ofis ne, sun ishe ni. Sai na roƙi babana, Malam Awwal mai surfani, ya ara mini akwatinsa.

"Ɗauki, Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa Hansai na ci. "Ba komai ciki sai tallar zare."

Ba gaskiya ba ne, akwai saƙonnin amininsa Baba Mohaman. Tare suka koyi ɗinki a unguwar Nkomkana kafin shi ya tafi Kanada. Tun zamanin da ake zuwa shagon kwamfuta a kasuwar Mokolo, kowace Juma'a sai ya rubuto: ina gajiya, ya iyali, ya ruwan Yaoundé. Shi ke nan fa. WhatsApp kuwa ya ce na yara ne. Kuma kullum shi ke farawa, wai Baba ya girme shi da wata biyu, ƙarami ke gaida babba.

Na buɗe dosiye na sa masa suna "Ba Gaggawa", na rubuta wa Ɗan Aike: "Kai saƙo nan idan ba ya neman wani aiki, ba ya ɗauke da ranar alƙawari, ba ya tambayar abin da ke buƙatar amsa." Kai, bayanin ya yi mini kyau! Akwatin Baba ya koma fes kamar an share tsakar gida. Rahoton gwaji bai nuna kuskure ko ɗaya ba, kaina ya kumbura, har na saya wa kaina soya, tsiren garinmu, a bakin titi.

Ranar Juma'a Baba ya dawo daga masallaci, ya duba waya, ya mayar aljihu. Juma'ar da ta biyo ma haka. Ya zauna a shago da babbar riga a cinya, allura a hannu, amma zaren ba ya tafiya.

"Baba, ka kira shi mana."

"Ni zan fara? Yaron da na koya wa zura zare?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tsoro yake ji, ni na san shi. Baba Mohaman yana da hawan jini, Baba kuwa ya gwammace shiru da ya kira wata murya ta daban ta ɗauka. Ni kuma, don wauta, ban haɗa zancen da aikina ba. Ai rahoto ya ce ba kuskure.

Ranar Litinin da hantsi ana yayyafi, wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙo mini don bai sa tabarau ba. Layi ɗaya ne daga Baba Mohaman, Ɗan Aike ya ɗora shi a sama: "Awwal, kana raye? Amsa mini."

Sai a lokacin na tuna da aikina. Na buɗe "Ba Gaggawa", ga gaisuwa biyu kwance tsakanin tallar keken ɗinki. Ɗan Aike bai yi laifi ba, abin da na rubuta ya bi sak. "Ya iyali" a wurinsa ba tambaya ba ce da ake jiran amsarta.

Na gaya wa Baba ina jiran faɗa. Ina! Dariya ya yi har da hawaye, yana dukan teburin yanka.

"Ashe shi ma can yana ta yi mini makoki! Ɗan banza, wa ya gaya masa zan riga shi?"

Nan take na gyara bayanin: "Saƙon da gaisuwa ce kaɗai, daga mutum zuwa mutum, kada ka kawo shi nan. Ɗora shi a sama, mai shi yana jira." Na sake gwaji, gaisuwa biyun suka hau sama. A saƙonnin kamfani maki ya ɗan sauka, na rubuta musu dalili, abin bai dame ni ba.

Baba ya karanta gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana amsa kowace da baki kamar mutumin yana tsaye ƙofar shago. Na ce ya faɗi amsa in rubuta, ya ƙi. Ya sa tabarau, ya danna da yatsa ɗaya: "Ina raye. Ya sanyi?"

Juma'ar da ta zo, tun kafin ya tafi masallaci na gan shi ya sunkuya kan waya.

"Baba, ai ƙarami ke farawa."

"Wata biyu har wani girma ne, Uwata?" ya ce, ya ci gaba da dannawa.