Tsayin Gero

Zeinabou ta tura ƙofar zauren da ƙugu, don hannuwanta na riƙe da faranti mai kofin shayi talatin. An riga an kashe fitilu. A jikin bango majigi ya haska wani sauro, girmansa ya kai ɗan akuya.

Kowace Alhamis da hantsi haka ake yi a sashen koyon likita na jami'a. Likitocin da suka daɗe da gama karatu sukan baro asibitocinsu, har daga Samnu da Zighan, su zauna a ƙara musu sani. Shekara shida tana kawo musu shayi. Ba ta yi boko ba, amma Larabcin nan garin Sabha ya zauna mata a baki, kunnenta kuma ba ya barci.

Yau Duktur Emhemmed ke magana, wani dattijo mai farin gashin baki.

"Mu mun daɗe da rabuwa da zazzaɓin sauro," in ji shi. "Amma yanzu an ce Afirka gida ɗaya ce, motoci na shigowa daga kudu kullum. Magani muna da shi, makara ce ke kisa. Don haka duk mai zazzaɓi ku tambaye shi: ka yi tafiya kwanan nan? In ya ce a'a, ku nemi wata cutar."

Kowa ya duƙa yana rubutu. Zeinabou ta tsaya cak.

Bara war haka aka yi wa mijinta Abdoulkadri wannan tambayar, a gabanta. Direban babbar mota ne a hanyar Agadas, kwanansa tara da dawowa daga Damagaram. Ya dubi likita ya ce shekara biyu bai taka waje ba. Ita kuma ta yi shiru, don miji ya riga ya yi magana. Aka ba shi maganin taifot. Rana ta biyar aka binne shi.

Yanzu ga Hama, abokin tuƙinsa, kwance a ɗakin maza na asibitin jami'ar kwana uku, jiki kamar garwashi, shi ma ya faɗi ƙarya iri ɗaya. Matarsa ta sa Zeinabou ta rantse ba za ta tona ba, don iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu tun azumi.

Ta ajiye farantin a kan tebur da ƙarfi, kofuna suka yi ƙara.

"Ya Duktur, ba za su faɗa muku ba."

Aka waiwayo. Wani matashin likita, Tariq, ya ce, "Lafiya, Hajja? Shayin ne ya ƙare?"

"Shayi na nan, Duktur, har naka mai sukari cokali huɗu da kake hana marasa lafiya."

Zauren ya ɗauki dariya. Duktur Emhemmed ya sa aka kunna fitila, ya ce ta ci gaba.

"Mutum mai takarda da biro ya tsaya a kanka yana cewa yaushe ka shigo," in ji ta. "Haka ɗan sanda ke tambaya a kan hanya. Mutanenmu ba sa raba ku da su. Mijina da wannan amsar ya tafi kabari, ina tsaye ina ji."

Dariyar ta ɗauke. Duktura Rania, mai kula da ɗakin maza, ta ce, "To yaya za mu yi, Hajja? Ba ma iya ɗibar jinin kowa da kowa."

"Ku ajiye biron, ku gaishe shi. Ku ce: yaya damina a gida, gero ya yi? Wanda ya daɗe a nan zai ce sai dai labari. Wanda ya gano da idonsa kuwa ba ya iya haƙuri, sai ya gwada muku tsayin geron da hannu."

"Wannan ba ya cikin littafi," in ji Tariq.

"Mai littafin bai taɓa noma ba," in ji Duktur Emhemmed. Ya ɗauki alli. "Maimaita a hankali, Hajja. Kakata ta san wannan yaren, ni ne na yi wauta ban koya ba."

Ta maimaita sau uku, yana rubutawa a allo da haruffan Larabci. Likita talatin suka riƙa faɗa a bayanta, suna karya kalmomin kamar ƙiraren tsintsiya.

Da aka tashi, Duktura Rania ta kamo hannunta. "Ina da masu zazzaɓi huɗu 'yan ƙasarku. Zo ki raka ni, kada bakina ya kife."

Biyu na farko suka ce sai dai labari. Hama ne na uku. Idonsa ya yi rawaya, leɓensa ya tsattsage. Zeinabou ta tsaya daga ƙofa, ta kafa ido a ƙasa. Likitar ta sa biro a aljihu, ta zauna a bakin gado, ta leƙa tafin hannunta inda ta kwafi kalmomin.

"Sannu, Malam. Yaya damina a gida? Gero ya yi?"

Fuskar Hama ta buɗe. "Kai, Duktura, bana sai godiya! Na bayan gidanmu, in ka shiga ba a ganin hularka, ya kai nan..." Hannunsa mai ɗauke da robar ƙarin ruwa ya tashi sama har ya wuce kan gadon.

Sai ya tsaya. Ya dubi hannun, ya dubi likitar.

Ba ta tambaye shi takarda ba. Ta kira ma'aikaciya ta ce a ɗebi jininsa yanzu, a kawo maganin zazzaɓin sauro kafin sakamako ya fito.

Hama ya hango Zeinabou. "Ke kika faɗa, Yaya?"

"Na rantse, ai. Tambayi hannunka."

Ta koma zauren ta tattara kofuna. Goge allo ma aikinta ne. Ta jiƙa tsumma, ta goge duk zanen Duktur Emhemmed, har ta iso layin ƙarshe. Ba ta iya karanta shi, amma ta san abin da ya ce. Ranar da Abdoulkadri ya dawo, tun daga bakin ƙofa ya ɗaga hannu sama da kansa yana ba ta labarin gero, ita kuwa ta ce ya je ya yi wanka tukuna.

Ta matse tsumman, ta bar layin, ta ɗauki farantinta.