Gatura Shida a Cikin Kube

Sunana Inaxio. Shekara hamsin da ɗaya ina wasa gatura ga masu gasar saran itace a wannan kwarin namu na Nafarroa. Aji biyu na yi a makaranta aka cire ni aka tsayar da ni gaban dutsen washi, kuma ban taɓa jin haushin haka ba. A da mutum ashirin da biyu ke kawo mini gaturansu. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wurin wani mai inji a can gangare, wanda yake washi da bel yana auna kauri da ma'auni kamar mai sayar da magani. Mutum ɗaya ya rage mini: Mattin, ɗan ƙanwata marigayiya.

Tsakanin mai sara da mai washi akwai abin da ba a yi. Idan na sa gatari a kube na ɗaure, mai sara ba ya kwancewa sai a fili, ƙafarsa a kan gungume. Wanda ya zare ya gwada kaifin a gashin hannunsa, a gabana ne ko a bayan idona, ya ce ban iya ba ke nan, sai ya nemi wani. Na taɓa korar zakaran gasar kwaruruka uku saboda haka. Mattin yana ɗan shekara goma sha biyar ya ga lokacin da na jefa wa mutumin nan gaturansa cikin taɓo.

Aikin ba a ido yake ba, a babban yatsa yake. Kaifi kowa na iya sa shi. Abin da ake biya na dominsa shi ne kaurin ƙarfen da ke bayan kaifin. Idan ya yi kauri, gatari ya maƙale a itace, mai sara ya ƙarar da ƙarfinsa wajen zarewa. Idan ya yi siriri, bakin ya ɓantare. Tsakanin biyun bai fi kaurin gashin doki ba, kuma da babban yatsa da manuniya ake matsa ƙarfen a ji.

To, babban yatsana na dama ya mutu a sanyin bara waccan. Ranar da na gane, murfin tukunya na ɗaga, sai da na ji ƙaurin fata kafin na san na ƙone. Likita ya ce jijiya ce a wuya, kuma ba ta dawowa. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Litinin kafin bikin ƙauyenmu Mattin ya zo da gatura shida a cikin akwati. Eusebio na biye da shi. Eusebio sa'ana ne, shi ke tsaya wa Mattin a fili da sanda yana nuna masa inda zai sara, shi ke miƙa masa gatari idan ya nemi canji.

"Inaxio, har yanzu ba ka mutu ba?" in ji Eusebio daga bakin ƙofa.

"Ina jiran in ga wanda zai yarda ya ɗauki akwatin gawarka. Da wannan tumbin sai an nemo motar katako."

"Tumbin nan giyar tuffa ce da na sha a kan nasarorin mutane. Kai me ka tara? Ruwan dutse a takalmi."

Mattin bai yi dariya ba. Ya ajiye akwatin ya zauna a kan kututture. Shekararsa arba'in da huɗu, an kayar da shi sau huɗu a jere.

"Kawu, gungume goma sha biyu ne, itacen pago, ranar Lahadi bayan an fito coci. Da Xanti zan kara."

"Xanti wanne? Wanda ubansa ba ya iya faskaren murhu?"

"Shi. Shekararsa ashirin da shida. Masu shirya gasa sun ce idan ya ba ni ratar da ta wuce gungume ɗaya, sunana zai fita daga sahun farko. Ka san wanda ya fita a shekaruna ba ya komawa."

Eusebio ya ɗauki wani guntun dutse yana juyawa a hannu kamar bai damu ba.

"An ce mai injin can yana gama gatari a rabin awa."

"An ce matarka ma tana gama abinci a rabin awa. Ka taɓa ganin baƙo ya koma gidanka sau biyu?"

"Ni dai magana na yi."

"Ka yi ta a waje."

Mattin ya miƙe. "Asabar Arantxa za ta zo ta karɓa, Kawu. Itacen daga gangaren da ba ya ganin rana aka saro shi, ɗanye ne, mai taushi. Ka san abin da za ka yi."

Na san abin da zan yi. Itace mai taushi yana son baki siriri.

Kwana huɗu na yi a kansu. Na cika kwamin dutse da ruwa, ina taka feda, dutse na juyawa, ƙarfe na kuka yadda na saba jin sa. Idona bai gaza ba, kunnena bai gaza ba. Wajen gane ko kaifi ya tsaya kuwa na samo dabara tun bara: sai in kai bakin gatarin ga leɓena na ƙasa a hankali, leɓe yana jin ɗan ƙaiƙayin da ke nuna akwai saura. Na ɗauka na yi wa jijiyar nan wayo. Amma leɓe ba ya auna kauri. Na matsa ƙarfen tsakanin yatsu biyu, manuniya ta ce wani abu, babban yatsa ya yi shiru, ni kuma na cike shirun da abin da na tuna. Duk lokacin da na yi shakka sai in ce da saura, in ƙara mayar da shi kan dutse. Haka na yi wa duka shidan.

Asabar da hantsi Arantxa, matar Mattin, ta zo da cukun tumaki da wake a cikin kwano. Na gama ɗaure kube na shida ke nan. Ta ajiye kwanon ta tsaya tana kallon hannuna.

"Kawu, jini."

Na duba. Babban yatsan ya tsage tun daga farce har gaɓa, jini ya bi hannun riga ya bushe a wani wurin. Ban san yaushe ba.

"Ɗan yanka ne. Mai washi bai rabuwa da shi."

"Ba ka ji ba."

"Na ji."

"Kawu, ba ka ji ba. Ina kallon fuskarka." Ta cire ƙyallen wuyanta ta naɗe mini yatsan, ta matse da ƙarfi tana kallona, ni kuma ban san ta matse ba sai da na ga jijiyar hannunta ta tashi. "Ka ce wa Mattin ya buɗe ya duba. Kai za ka faɗa. Idan daga bakinka ya fito ba raini ba ne."

Gaskiya ta faɗa. Kalma ɗaya ce. Na kalli kuben nan shida a jere cikin akwati.

"'Yar nan," na ce, "tun ba a haife ki ba nake wannan aikin. Ɗauki akwati."

Daga baya na ji ta gaya wa mijinta a gida, har ta sa hannu za ta kwance igiyar da kanta. Ya riƙe hannunta. Ya ce gatarin da Kawu ya ɗaure ba a falo ake buɗe shi ba.

Lahadi an yi yayyafi da safe, ya ɗauke kafin a fito coci. An jera gumagumai layi biyu a filin ƙwallon bango, fararen pago, an feƙe ɓawonsu. Mutane sun cika matakala. Na zauna a inda na saba, layi na biyu, ta gefen da Mattin zai sara. Aka busa usur. Suka hau.

Gungumen farko Mattin ya riga Xanti sauka. Gatarin na shiga kamar a cikin cuku, sassaƙe na tashi manya-manya kamar faranti. Wani a bayana ya daki kafaɗata ya ce, "Tsoho bai mutu ba!" Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

A tsakiyar gungume na biyu na ji ƙarar. Mutane ba su ji ba, ƙaramar ƙara ce, kamar an taka kwalbar magani. Mattin ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, Eusebio ya karɓi gatarin ya ba shi na biyu. Eusebio ya dubi bakin na farkon, ya ga ya ɓantare, ya juya shi ƙasa don kada na kusa su gani.

Na biyu ya kai gungume na huɗu. Na uku bai gama gungume na biyar ba. Itacen ba shi da ƙulli ko ɗaya, na gani da idona, babu abin da zan ɗora wa laifi. Xanti da gatari ɗaya yake tun farko, yana sara yana juyawa yana sauka, ya ba Mattin ratar gungume guda, ya ba shi biyu. Da aka miƙa gatari na biyar sai Eusebio ya ɗaga kai ya neme ni cikin mutane. Bai yi fushi ba. Da ma fushin ya yi.

Na shida ya tafi a ƙarshen gungume na takwas. Xanti ya gama na goma sha biyu aka yi ta tafi, aka sa masa hular zakara. A wurinmu wanda aka kayar ba ya sauka sai ya gama itacensa. Mattin yana da huɗu a gaba, ba shi da gatari mai baki. Xanti, yaron kirki ne, ya zo da nasa ya miƙa masa ta ƙota. Mattin ya girgiza kai. Ya ce wa Eusebio ya zaɓo wanda giɓinsa ya fi ƙanƙanta.

Abin da ya biyo baya ba sara ba ne, duka ne. Gatari mai giɓi yana tauna itace, ba ya yanka. Farar rigarsa ta manne a bayansa, numfashinsa ana jin sa har matakala ta sama. Da farko mutane na ƙarfafa shi, sannan suka yi shiru, sannan masu yara suka fara zamewa domin abinci na hucewa a gida. Minti ashirin da uku ya ƙara. Da gungumen ƙarshe ya rabe, ba mu fi mutum talatin a filin ba. Ya sauka, ya mayar da kowane gatari kubensa da hannunsa, ya ɗaure, bai bar kowa ya ga bakinsu ba.

Laraba ya zo. Babu akwati a hannunsa. Ina zaune a bakin rumfa, ban taɓa dutse ba tun Asabar.

"Zauna," na ce. "Yatsana ya mutu. Shekara biyu ke nan. Ni na kashe maka gatura, ba itace ba. Ka kai su wurin mai inji, huɗu za su gyaru. Ka je wurin masu shirya gasa ka ce su duba bakinsu, za su gane ba ƙarfinka ne ya gaza ba. Ka riga Xanti sauka a gungumen farko, kowa ya gani."

"Na san da yatsan, Kawu. Tun bara. Na ga kana kai gatari baki ta taga."

"Ka sani ka kawo mini?"

"Wa zan kai wa?"

"Wawa! Jaki! Uwarka ba ta haifi wawa ba, a hanya ka tsinci wannan. Sunanka ka jefar saboda tsoho mai mushen yatsa?"

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na je wurinsu jiya. Na ce bayana ne ya riƙe tun gungume na biyu, shi ya sa nake ta canza gatari ina neman mara nauyi. Na ce na ajiye sara."

"Ka koma ka ce ƙarya ka yi."

"In koma in ce me? In ce su zo su ga abin da Inaxio ya yi? Sannan in hau gungume da washin wani kana zaune a layi na biyu?" Ya share fuska da hularsa. "Na gaji kuma, Kawu. Gwiwoyina ma sun gaji."

Wannan ƙarya ce ta biyu, ya yi ta ne don in samu wurin tsayawa. Yana da sauran shekara biyar a jikinsa, ko shida. Na san jikin mai sara kamar yadda na san ƙarfe.

Ya tafi, yana da tumaki da zai sauko da su daga tudu kafin ruwa.

Yanzu wata bakwai ke nan. Mattin yana tuƙa motar madara da safe, ya yi ƙiba, ba ya zuwa kallon gasa. Ranar Lahadi nakan shiga mashayar dandali in sha kofi ɗaya, kuma kusan kullum sai wani ya ɗauko zancen. Makon jiya mai gidan burodi ne.

"Kayya, Mattin! Da ba don ciwon bayan nan nasa ba. Ko ba haka ba, Inaxio? Gaturanka na shiga kamar a man shanu, baya ya ci amanarsa."

Eusebio yana gefen kanta da kofinsa. Ya juyo ya dube ni, yana jira. Duk wurin ana jiran abin da tsohon mai washi zai ce.

"Baya mugun abu ne," na ce.